Yadda Na Kai Mijin Iya Ingila

Na fara da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Sunana Rabi, a Tsohon Birnin Gwari nake aure. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, wanda ya ga gyara a rubutun nan ya yi mini afuwa. Mata sun dame ni da tambaya, yaya jirgi, yaya sanyi, me kika zuba a akwati, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya. Kuma ina so duk uwar da ta ga abin da na gani a jikin ɗanta ta san inda za ta nufa tun da wuri.

Yaron da aka yi wa aikin fiɗa a Ingila ɗan farina ne. Kun san yadda muke da ɗan fari. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Iya, uwar mijina, ɗakinta na fuskantar nawa. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in zan ba shi abinci sai in ajiye in ce wa iska, "Ga na wancan." Iya tana ce masa "mijina", har unguwa duka ta ɗauka, kowa Mijin Iya. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen babansa suna faɗa. Lokacin yana shekara bakwai, bayan an gama yaƙin basasa, ba a kai ga canja kuɗi zuwa naira ba.

Ni na fara lura, don kullum ina kallonsa ta wutsiyar ido. Da kaka ne, ana cire gyaɗa. In abu ya faɗi masa ba ya sunkuyawa irin na yara, sai ya tsuguna a hankali, bayansa a miƙe kamar an ɗaura masa sanda. In ya yi tafiya kaɗan sai ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu. Ya daina bin yara bakin daji tsintar kanya. Bakina ba zai iya kai wa Iya maganar ba, sai na faɗa wa Ladi, maƙwabciyata, Bagwariya ce Kirista, tare muke zuwa itace. Ladi ta ce, "Ku dai da wannan kunya taku! Ɗanki ne fa, ba na sarki ba." Amma ta je ta faɗa. Da Iya ta tuɓe masa riga, sai ga wani ƙulli a tsakiyar bayansa, kamar gaɓar babban yatsa.

Makonnin da suka biyo baya na shawara ne. Wanzami ya zo ya yi ƙaho a gefen ƙullin, yaro ya yi ihu har muryarsa ta dishe. An ɗauko maɗori daga Dogon Dawa, ya shafa, ya ce shi bai ji karaya ba, Allah ya saka masa da alheri da bai matsa ba. Wata gwaggo ta ce ai yaron ya wuce ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. An shafa man kaɗe, an shafa zuma, an yi hayaƙi. Ladi kuwa kullum maganarta ɗaya, asibiti. Ƙullin yana ƙaruwa, yaro yana ramewa, zazzaɓi kowace yamma. Ranar da ya tashi zai je bayan gida ƙafafunsa suka naɗe ya zube a tsakar gida, ranar Malam, mijina, ya ce ya isa. Malamin daji ne, yana cikin masu tsaron gandun gwamnati, sai ya roƙi direban ofishinsu ya rage mana hanya zuwa Kaduna.

Ni a matsayin mai riƙe ƙwaryar abinci na bi su. Layin asibitin nan, ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba in ba ranar kasuwa ba. Mun zo da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar, mai ba da kati kuma yana yi wa mutane tsawa kamar su suka ɗora wa kansu ciwon. Da mai katin ya ce, "Wace ce uwar yaro?" Iya ta ce, "Ga ni." Ni na sunkuyar da kai.

An ɗauki hoton ƙashi. Likitan Ba'indiye ne, ya ɗaga hoton a jikin taga, na ga ƙasusuwan yaron a jere kamar 'ya'yan tasbaha, biyu daga ciki sun lotsa. Na yi ta mamakin yadda aka ga cikin mutum ba a tsaga shi ba. Ta bakin tafinta ya ce tibi ce, irin ta tarin fuka, amma ta shiga ƙashin baya. Ya ce ƙashin ya zama kamar ginshiƙin da gara ta ci, yana danne jijiyar da ke riƙe da ƙafafu. Wannan maganar ta gara ba ta fita daga kaina ba har yau.

An kwantar da shi, allura kullum da ƙwayoyi, mako bayan mako. Zazzaɓi ya tafi, ƙafafu ba su dawo ba. Likita ya ce sai an buɗe baya an kwashe ruɓaɓɓen ƙashi an dasa wani, kuma ya fi son a yi a Ingila. Da yake Malam ma'aikacin gwamnati ne, aka rubuta takarda. Ba zan ɓoye ba, takardar nan ta sha yawo daga ofis zuwa ofis har awakin Iya suka ƙare a kuɗin mota. Amma daga ƙarshe an sa hannu, Allah ya yi wa waɗanda suka sa albarka. Aka sallamo yaron gida ya jira ranar tafiya.

Sharaɗin shi ne mace ɗaya za ta bi shi, don ɗakin yara mace kaɗai ake bari ta kwana. Kowa ya san Iya ce. Amma da aka auna ta, likita ya ce jininta ya hau, ga idonta ɗaya ya yi yana, ba zai sa mata hannu ba. Ya tambayi Malam, wannan tsohuwar ita ta haifi yaron? Malam ya nuna ni da haɓa. Likita ya dube ni ya ce aikin masu fiɗa na yini ɗaya ne, nawa na watanni. Bayan aiki dole yaro ya kwanta bai motsa bayansa ba. In ya yi ta birgima yana kuka, ƙashin da aka dasa zai goce, ƙafafun kuma shi ke nan. Ya ce, "Yana jin maganarki?" Yaron da ko sau ɗaya ban taɓa rarrashi ba.

Da aka faɗa wa yaron ni zan bi shi, ya juya fuska bango. Ya ce, "Ni da matata zan je."

Iya ta ce, "Kai tafi can, wa zai bi miji marar ko taro a aljihu? Na sake ka sai ka dawo da ƙafarka ka yi biko."

"Mace ba ta saki, tsohuwa."

"A gidan nan tana yi."

Ta yi dariya, ta fita bayan ɗaki, na ji tana fyace hanci.

Daga nan aka shiga shiri. An kai ni ɗaukar hoton fasfo, mai hoto ya shige cikin baƙin ƙyalle ya ce kada in ƙifta, na ƙi ƙiftawa har hawaye suka zubo, haka hoton ya fito. An yi mini allurar rigakafi hannuna ya kumbura. Malam ya sayo akwatin ƙarfe mai zanen furanni, ya sayo mana suwaita da safa da wata doguwar kwat a gwanjo. Na sa kwat ɗin da tsakar rana don gwaji, gumi ya jiƙa ni, na ce wace irin ƙasa ce mutum zai sa bargo mai hannu ya fita? Na tambayi duk wanda na gani. Suna da rijiya? Ina ake shanya? In jirgi yana sama, ina alƙibla? Malam ya gaji ya ce, "Ke Rabi, ni ma iyakata Kaduna."

Iya ce ta karɓi aikin akwati. Ta zuba garin kunu, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, tsamiya, man shanu a kwalba, zumar da aka ɗebo daga daji, da 'yar tukunya da muciya. Ladi ta kawo doya guda biyu manya ta ce a kai wa likita. Gwaggo ta kawo laya. Akwati ya ƙi rufuwa sai da Ladi ta zauna a kai.

Amma ainihin shirin da Iya ta yi, ni ta shirya. Kullum bayan azahar sai ta kira ni ɗakinta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zaunar da ni kusa da yaron. Ta ce kununsa ba ya son kauri, kuma sai an ɗanɗana a gabansa. In zai yi kuka hancinsa ke fara motsi, to tun lokacin za a sa hannu a bayan kunnensa na hagu ana sosawa. Ba a ce masa "yi shiru", sai a ja shi da faɗa, a ce masa rago, ya manta da kukan ya shiga rama zagi. Ta ce in gwada. Na miƙa hannu, yaron ya kauce, ya ce, "Hannun Yaya sanyi."

Wata rana da muka fito ta ce, "Rabi, faɗi sunansa in ji."

Na ce, "Haba Iya."

"Ni na ba ki izini. Can babu ni, babu ubansa, babu wanda zai ce ba ki da kunya. In ya shige miki cikin Turawa, me za ki ce? Wancan?"

Na buɗe baki, wallahi kamar an cusa mini auduga. Ta girgiza kai ta ce Allah ya kyauta.

Ladi da ta ji labari ta ce ita za ta koya mini. Muka je itace can cikin daji, inda babu kowa sai birai. Ta nuna wani kututturen kirya ta ce, "Ga shi nan, kira shi." Na dubi kututture, na dubi Ladi, dariya ta kama ni. Ta ce, "Ni nawa ɗan farin sau goma nake kiransa kafin a karya kumallo, bai mutu ba, ni ma ban mutu ba." Na motsa leɓe, murya ba ta fito ba. Ladi ta ɗora itacenta a kafaɗa ta ce, "Kututture ma kina jin kunyarsa. Allah ya ji ƙan Turawa."

Ranar tafiya, bayan an ɗaure akwati, Iya ta kwance zanen da ke jikinta, wani tsohon saƙi da ya sha hayaƙin murhu, ta ɗaura wani, ta ninke wancan ta tura mini a jakar hannu. Ta ce kada in kuskura in wanke shi.

A filin jirgi na Kano aka ɗora akwatinmu a sikeli, ma'aikacin ya riƙe baki. Nan muka buɗe shi a gaban jama'a. Doyar Ladi ta koma, tukunya da muciya suka koma, man shanu ya koma, Malam ya tattara su a buhu yana ta ba mutane haƙuri. Garin kunu da tsamiya da yaji da zuma kaɗan suka tsira. An ɗauki yaron a gadon ɗauka aka shigar da shi ta wata ƙofa daban. Jirgi ya tashi. Daga baya na leƙa taga na ga gajimare a ƙarƙashinmu kamar an baza auduga a kasuwa, na so in ce wa yaron ya duba, ban san yadda zan fara ba.

Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a can shi aka turo ya tarbe mu, shi ne tafintanmu in ya samu sarari. Sanyin ƙasar nan ba a fata yake tsayawa ba, haƙora yake nema. Rana kuma tana fitowa kamar wadda aka tilasta. A asibitin akwai wani ƙaramin ɗaki da ake shiga a rufe, in an buɗe sai ka ga kana wani bene. Ruwan zafi daga bango yake fitowa. Ma'aikatan suna tafiya da sauri kamar an aike su ɗebo wuta, amma suna da fara'a, kuma babu mai tsawa. Abincinsu ne dai babu gishiri babu yaji, dankali a dame kamar na mai ciwon haƙori.

Makon farko yaron ya ƙi ci, ya ƙi magana. Wata nas mai jan gashi ta bar ni in dama kunu a ɗan kicin ɗinsu, ta tsaya tana kallon yadda nake jiƙa tsamiya, har ta lasa ta yamutsa fuska. Na ɗanɗana a gabansa yadda Iya ta ce. Ya sha kaɗan ya ce, "Ba irin na matata ba ne." Da hancinsa ya fara motsi na ciro zanen Iya na shimfiɗa masa a matashi. Ya shinshina, ya cusa fuska a ciki, ya yi barci. Kafin aiki sun kife shi sun shafa masa farin siminti a baya, ya bushe ya zama kamar kwami daidai jikinsa. A ciki zai kwanta bayan aiki.

Ranar aiki da safe suka tura shi ɗakin fiɗa. Ɗalibin yana da jarrabawa, ya ce sai yamma. Na zauna a benci ina jan tasbaha ina kallon ƙofa mai buɗewa gaba da baya. Da aka fito da shi yana cikin kwaminsa, fuskarsa ta yi fari, roba a hannu. Babban likitan ya yaye bargo daga ƙafafunsa, ya nuna mini yatsun, ya motsa nasa yatsun hannu. Na gane, so yake ya ga ko yatsun ƙafar za su motsa. Suka yi ta yi wa yaron magana da Turanci, suna ɗan bubbuga kumatunsa. Sai ya fara farkawa cikin firgita, ido a rufe, yana fizge-fizge, yana neman ɗago kafaɗa daga kwamin. Nas biyu suka danne shi, shi kuwa ƙara ƙarfi yake. Na tuna maganar likitan Kaduna, in ya goce shi ke nan.

Nas mai jan gashi ta jawo ni ta nuna bakina ta nuna kunnensa. Na sa masa zanen Iya, ya ture. Na sosa bayan kunne, bai san ina yi ba. Na ce, "Kai. Kai, rago." Na ce, "Mijin Iya." Sai ya ƙwala kiran Iya, ya ƙara banƙarewa, don ya ji sunanta bai ji muryarta ba.

Ban san lokacin da na durƙusa na kai bakina kunnensa ba. Na ce, "Idirisu."

Muryata ta fito kamar ta wata. Na sake cewa, "Idirisu, ni ce. Kwanta."

Ya tsaya cak. Ya buɗe ido yana neman wanda ya kira shi, ya wuce Turawan ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina ya tsaya. Na ce, "Idirisu, motsa yatsun ƙafarka likita ya gani." Muka zuba wa ƙafafun ido. Babban yatsan dama ya ɗan lanƙwasa, sannan na kusa da shi. Na hagu ya daɗe, shi ma ya bi. Likita ya faɗi wata magana da ƙarfi, nas ta rungume ni.

Watannin da suka biyo baya ba sauƙi. Zafin ciwo, ƙaiƙayi a cikin siminti, gajiyar kwanciya. Mun yi faɗa da shi ba adadi, na iya ce masa rago, shi kuma ya gano ina tsoron ƙaramin ɗakin nan mai hawa bene, ya samu abin tsokana. Garin kunu ya ƙare tun a wata na biyu. Zanen Iya ya daina ƙanshin hayaƙi, bai kuma nema ba. Sannu a hankali aka zaunar da shi, aka tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, aka ɗinka masa wata rigar fata mai tauri da zai riƙa sawa.

Ga wadda Allah ya ɗora wa irin wannan tafiya, ki ɗauki garin kunu fiye da yadda kike zato, ki bar tukunya, suna da ita. Ki nemi takalmi rufaffe, ni da silifa na sauka, ba wanda ya faɗa mini, yatsuna sun gaya mini. Rigunan yaro su zama masu buɗewa ta gaba, don wanda ke kwance ba a cusa masa riga ta kai. Kafin duk wannan kuma, in kin ga yaro yana tsugunawa da baya a miƙe, yana dafa gwiwa, ga ƙulli a gadon baya, kada a tsaya ƙaho da hayaƙi. Likita ya ce da mun zo tun ƙullin yana ƙarami, da allura da ƙwaya sun isa. Ina godiya ga likitocin can da na nan, da ɗalibin da ban san inda yake yanzu ba, da Ladi, da duk wanda ya yi mana addu'a.

Mun dawo da damina, daji ya yi kore shar. Mota ta tsaya a ƙofar gida, mutane sun cika. Ni tun daga Buruku, a hanyarmu daga Kaduna, na ja mayafina na koma gefe, na san na dawo inda ake kallona. Malam ya zo zai ɗauke shi, ya ce a'a. Ya sauka da sandunansa biyu, ya taka har zaure, bayansa da ɗan tudu amma a kan ƙafafunsa. Iya tana tsaye tana kuka tana cewa, "Wannan wane ne? Ni mijina ba Bature ba ne."

Ya ce, "Na zo biko, tsohuwa." Sai ya jawo kanta ƙasa kamar zai yi mata raɗa, amma da ƙarfi ya faɗa, duk zauren suka ji. "Iya, ashe Yaya ta san sunana."

Zaure ya ɗauki dariya, Ladi har da guɗa. Na rufe fuska na shige ɗaki. Ina jin Iya tana cewa, "Ƙarya kake, makaryacin miji." Can sai ta leƙo ƙofata, ta daɗe tana kallona da idonta mai kyau, ta ce, "Ruwan wankansa ya yi zafi. Ni na tsufa da ɗaga murya. Kira shi."